Sunana a Saman na Alhaji

Jama'a, ku ji abin da girmama manya ya jawo mini yau!

Ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyar manomanmu, inda ake rajistar masu karɓar taki. Sakatare kaɗai na ba ikon saka mutum ko cire shi. Dattawa suka ce raini ne, ina aka taɓa ba ƙarami makulli manya na zaune? Dole na ba kowannensu.

Da safe shugaban reshen Shinkafi ya saɓa da na Zurmi. Wannan ya goge mutanen wancan, wancan ya rama. Gobe kuma ake rabon taki.

Na zo shiga in gyara, shafin ya ce bai san ni ba. Na kira shugabanmu na Ƙaura.

"Alhaji, wa ya cire ni?"

"Ni ne, Malam. Na ga sunanka bisa nawa. Mi kaka nema sahun manya?"

"Sakatare fa?"

"Da shi na fara."

"To, Allah ya ba ka haƙuri, maido ni in gyara."

Sai ya ce, "Ai cirewa kaɗai aka koya mini."