Humrar da Hajja Take Ɓoyewa a Ɗaka

Lokacin da aka turo ni koyarwa Maiduguri, wadda ake kira Yerwa, a farkon shekarun tamanin, gani nake gida na zo. Daga kudancin Borno nake, can cikin duwatsu, kuma ai jiha ɗaya ce. Kasuwa ce ta fara nuna mini ba haka abin yake ba. Wanda ya taya kaya da Kanuri farashinsa daban. Irina, mai Hausa kawai, sai an ɗora mini wani abu a kai. Turawan nan kuwa da ke ratsowa cikin manyan motoci za su Kamaru kallon namun daji, su ba a ma jin kunyarsu, abin da ya zo bakin mai kaya shi zai faɗa, su kuma su zaro kuɗi suna murmushi.

Na kama ɗaki a unguwar Moduganari, na koyi ciniki da ƙarfin tsiya. Na iya juya baya in yi kamar zan tafi, na iya ce wa mai kaya maƙwabcinsa ya bar mini ƙasa da haka. Har na fara ɗaukar kaina gwana.

A shekarata ta biyu aka kawo mana wata Baturiya makarantar, za ta koyar da lissafi. Doguwa ce, siririya, rana ta ƙona mata hanci, ga yawan dariya. Satinta na farko ta sayo tabarma, da ta faɗi kuɗin a ɗakin malamai sai da kowa ya riƙe baki. Shugabar makaranta ta dube ni ta ce, “Malama, ki riƙa raka baƙuwar nan kasuwa kafin su tsiyata ta.”

Na ji daɗin aikin ƙwarai. Ina gaba tana biye da ni da kwando, in ta ga abu ta nuna mini da ido, ni kuma in shiga faɗa da mai kaya kamar kuɗina ne. In muka fito sai ta ce, “Ban san yadda zan yi ba in ba ke.” Ni da nake baƙuwa a garin, ga shi na samu wadda ta fi ni baƙunta.

Wata Asabar ta ce tana son ƙamshin nan da take ji a jikin matan gari in sun gifta cikin laffaya. Na ce humra ce, turare ne da mata ke haɗawa a gida, kuma na san inda ake samu. Na kai ta unguwar Hausari, gidan wata dattijuwa Babarbariya da kowa ke kira Hajja. A zaurenta take zama, kwalabe jere a gabanta, kaskon turaren wuta na hayaƙi a gefe. Na daɗe ina saye a wurinta, kuma na san ta zauren ba ita ce ta ainihi ba. Ta ainihin tana cikin ɗaka, sai dangi da amaren unguwa ake fito wa da ita. Na taɓa tambaya, Hajja ta ce ta ƙare.

Baturiya ta ɗauki kwalba ta shinshina, ta lumshe ido. Hajja ta faɗi kuɗi, ninki uku na abin da nake biya.

Na ce, “Haba Hajja! Ba haka kike ba ni ba.”

Ta dube ni a hankali. “Malama, ke za ki saya ko ita?”

“Tare muke.”

“To ki bari ta yi magana da bakinta. Kuɗin ƙasarsu ne, ba na albashinki ba.”

Ban bari ba. Na tsaya sai da ta rage, ta miƙa kwalbar fuskarta a ɗaure. A hanya ina ta cika baki. Can Baturiya ta tambaye ni me tsohuwar ta ce mata da muka shiga. Na ce gaisuwa ce da Kanuri, ni ma ba ji nake ba.

Ashe daga ranar ta fara komawa ita kaɗai a kan kekenta. Ta biya ninki ukun, ba ta yi ciniki ba. Ta zauna a tabarma, aka ba ta shayi, jikokin Hajja suka kewaye ta suna koya mata gaisuwa suna yi mata dariya. Ban sani ba sai bayan watanni, ranar da ta shigo ɗakin malamai da safe, ƙamshi ya riga ta shigowa. Na ɗago kai daga littattafan da nake dubawa. Ba irin humrar da nake saye ba ce. Wannan mai nauyi ce, tana kama ɗaki ta zauna.

Na ce, “Ina kika samo wannan?”

“Wurin Hajja. Daga ɗaka ta ɗauko mini.”

“Nawa ta caje ki?”

Ta faɗa, tana murna kamar ɗalibar da ta ci jarrabawa. Bai kai abin da nake biya wa ta zaure ba.

Na ce ta yi sa'a, na mayar da kaina kan littafi. Amma ranar ban ga abin da nake gyarawa ba. Ƙamshin yana bin ta aji aji, ɗalibai suna ta yaba mata, ni kuwa kamar ana tsira mini allura.

Asabar ta gaba na bi ta gidan Hajja, na ce ina da sayayya. Tun daga bakin lungu yara suka ruga suka karɓi kekenta. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta shiga jero “wushe, wushe” da sauran gaisuwar, harshenta a karkace, ba ta damu ba. Hajja ta buɗe hannu tana dariya har haƙorinta na makka ya fito, ta jawo ta kusa da ita. Da Hausa ta ce mini, don in ji, “Ki ga 'yata. Ta fi wasu da aka haifa a nan.”

'Yata. Ni kuwa Malama nake, tun ranar farko har ranar. Aka kawo shayi, aka ba ni nawa da mutunci, ba zan yi ƙarya ba. Suna ta hira rabi Kanuri rabi nuni da hannu, ina zaune a bakin tabarma da jaka a cinya kamar wadda ta zo karɓar haraji. Na yi ta tunani: a jihar nan aka binne cibiyata, kakannina suna kwance a ƙasarta, amma wadda ta sauko daga jirgi jiya ita ake shiga ɗaka dominta. Na gwada tawa gaisuwar da za mu tafi, wadda na tsinta a bakin ɗalibai. Hajja ta amsa da Hausa, ta ce in gaida gida. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi mamaki. In Baturiya ta karya Kanuri abin sha'awa ne, in ni na karya, 'yar kudu ce da ta makara ba ta koya ba.

Daga nan na daina raka ta kasuwa, ba ta ma buƙata. Mai nama yana yi mata gyara, mai tumatir yana kiranta daga nesa. In ta faɗi yadda ta sayo abu sai in ce ai ruɓaɓɓe suka ba ta. Takan dube ni da mamaki.

Da Kirsimeti ta matso aka sa bikin ƙanwata a ƙauye. Na ƙudura zan kai mata abin da babu amaryar da ta taɓa shafawa a garinmu. Na je wurin Hajja ni kaɗai, na gaishe ta da kyau, na ce ta ɗaka nake so. Ta ce ta ƙare.

Na dawo na kwana da abin, washegari na haɗiye girman kaina na samu Baturiya. Na ce ta sayo mini, kamar ita za ta yi amfani da ita. Ta ce ba komai, da farin ciki. Na ba ta kuɗi, muka tafi tare bayan an tashi makaranta. Na tsaya a gindin wata darbejiya a bakin titi, ita ta shiga lungun. Na daɗe a tsaye, masu wucewa suna kallona, gumi na bin bayana. Ni da na koya mata yadda ake riƙe jaka a kasuwa, ga ni a laɓe ina jiran ta sayo mini a farashin 'yan gida.

Ta fito da kwalba naɗe a takarda, fuskarta ja.

Ta ce, “Ta tambaye ni ta wa ce. Ta ce wadda ta ba ni ba ta isa ƙarewa ba.”

“Me kika ce?”

“Na faɗa mata gaskiya. Ban iya yi mata ƙarya ba.”

Na buɗe kwalbar. Ta ɗaka ce, ta ainihi. Na tambayi canji, ta ce babu, har ma ta cika daga aljihunta. Hajja ta ce tunda ta Malama ce, kuɗin Malama za a biya. Ta kuma ba da ɗan ƙullin turaren wuta, ta ce a kai wa amarya, Allah ya ba da zaman lafiya.

Na rasa abin da zan ji. Na mayar mata da cikon da ta yi, na gode mata da baki, muka taho tana tura kekenta har mararraba.

Bikin ya yi kyau. Ƙanwata ta shafa humrar, da ta shiga coci mata suka riƙa waiwaye. Innata ta ce wannan ƙamshin na matan Barebari ne, amma sai da ta sa na ɗiga mata a bakin zane. Ni ma na shafa, na yafa laffayar da na saya don bikin.

Kafin in koma Maiduguri na shiga kasuwar garinmu zan sayi gyaɗa da riɗi. Na tsaya gaban wata mata da muka yi ɗiban ruwa tare muna yara, na gaishe ta da harshenmu, ta amsa da fara'a, ta tambayi aiki. Na ce nawa mudu. Ta dubi laffayar, ta ja hanci ta shaƙi ƙamshin, sannan ta faɗi kuɗi. A gabana ta sayar wa wata ƙasa da haka.

Na ce, “Ni za ki yi wa haka?”

Ta yi dariya tana cika mudun. “Ku mutanen Yerwa ai kuɗi gare ku. Kawo buhunki.”

Na buɗe mata buhun.