Tsohon da ba a kiran sunansa a mota

Ana idar da sallar asuba muka bar Aliero, ni da abokina, a wata mota da warin albasa ya kama har kujerunta. Wani manomi a fadamar bayan Maiyama ya aiko cewa tsuntsun nan babba-da-jaka, wanda rabona da ganinsa tun ina yaro, saura ɗaya a wajensu.

A Jega muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Da muka canza mota, sai bakina ya buɗe, na yi ta ba fasinjoji labarin abin da za mu gano. Wani mai buhu a cinya ya tambaye ni wace fadama. Na kwatanta masa har da itacen da ake karya kwana. Ya sauka kafin Maiyama.

Rana ta take muka isa. Fadamar tsit, ko kwaɗo ba ya kuka. Manomin, dattijo ne, ya nuna da haɓa ya ce ga Tsoho can. Na ɗauka mutum ne tsaye cikin ruwa da baƙar riga, ya goya hannu a baya. Kansa sanƙo, jakar fata na reto a wuya, baki kamar galma. Ya juyo ya kafe ni da ido, bai motsa ba. Ashe tsuntsun ne.

Dattijon ya ce a da garke guda ne. Masu sayar wa bokaye kawunan tsuntsayen suka ƙarar da su, shi ya sa mutanen garin suka daina kiran ainihin sunan, sai Tsoho. Shi dattijon ke gadinsa, don tare suka tsufa.

"Ɗana, ba ka dai hwaɗa ma kowa ba bisa hanya?"

Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki tabarmarsa da buta, ya koma bakin ruwan ya zauna, ko sallama bai amsa mana ba.

Mun iso gida da magariba, na ture tuwo gefe. Na koyi cewa mai son abu ma yana iya sayar da shi kyauta, da baki kawai. Masu tambayata sunan ƙauyen ku yi haƙuri, na riga na faɗa sau ɗaya.