Muntaka Akawu da Lallen Matan Unguwar Ɗinya

Duk wanda ya girma a Unguwar Ɗinya ya san Muntaka Akawu, Allah ya ƙara masa lafiya, don har yau yana nan da ransa. A ƙauyen, gona ce ta haɗe da gona, gero nan, dawa nan, gyaɗa a tsakani, ba inda za ka ɗaure akuya ba ta ci na wani ba. Gonar ubansa da aka raba wa 'ya'ya ba ta isa ta riƙe gida ba, shi ya sa da ya sauke Alƙur'ani aka bar shi ya yi boko. Allah kuma ya sa masa albarka a yatsu. Ya koyi tafireta, keken rubutun nan mai ƙwas-ƙwas kamar ana ɓarar gyaɗa, aka ɗauke shi aiki a sakatariya.

To a zamanin nan, in takardar gwamnati kake so, ta haihuwa ce, ko ta shaidar kai ɗan gari ne, sai ta bi ta hannun Muntaka. Shi zai buga, babba ya sa hatimi, kai kuma ka dangwala yatsa a tawada. Bayan la'asar zaurensa cika yake. Wannan ya zo da ƙwan zabi, wancan da sabuwar gyaɗa, shi ko yana cewa, "Haba, da ba ku wahalar da kanku ba," yana turawa cikin gida. In ana suna, tabarmarsa kusa da ta liman. A gaskiya bai taɓa cutar kowa ba, sahun gaba kuma ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne dai, bawan Allahn nan yana son a ce sai da shi.

Yana da taubashi, Dabo, ɗan gwaggonsa. Kun san al'ada, ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa. Muntaka ne ma ya samo masa aikin masinja, yana share ofis yana kai takardu.

"Bawana, zo ka goge min keken nan."

"To ubangidana. Amma wallahi keken nan ya fi ka tsufa, ku biyun sai a haɗa a kai kasuwar Tsanyawa."

"Kai za a fara sayarwa, in an sami mai saye."

Haka suke, shekara da shekaru, har furfura ta fara fito wa Muntaka.

Rannan sai ga umarni daga sama. Aka tara ma'aikata aka ce tsohon tsari an ajiye shi. Duk takardar da aka buga da tafireta aka dangwala da tawada, gwamnati ta daina karɓa. Yanzu komai a kwamfuta, a ɗauki hotonka, na'ura ta karanta yatsunka. Aka kwashe kekunan aka jibge a sito, na Muntaka a ƙasa, aka ɗora masa karyayyar kujera.

Ba a kore shi ba fa. An ma ce ya je Kano a koya masa sabon aikin. Ya ce, "Ni? Ni da na koya wa rabin ofishin nan riƙe takarda, in je in zauna a benci yarinya tana nuna min inda zan taɓa?" Ya ƙi. Dabo ko, da ma kullum yana latse-latsen waya, ya ce shi a sa shi. Aka yi dariya, aka sa shi.

Da ya dawo, sai ga Dabo da jaka a kafaɗa da kati rataye a wuya. Tun Muntaka yana ɗaukar abin wasa, har ya ga mutane suna wuce zaurensa. Su ɗaga hannu daga nesa, "Akawu, barka da yamma," su miƙe gidan Dabo. Ranar da ya ji mai unguwa da bakinsa ya ce "Malam Dabo", ko tuwo bai ci ba. Ya zauna a zaure shi kaɗai da carbi, bakinsa na istigfari, kunnensa na ƙirga takun masu wucewa. Shi ya samo masa aikin nan! Shi ya nuna masa ƙofar ofishin! Ya ce da matarsa Maimunat, "Mai shara fa. Jiya-jiya tsintsiya ce a hannunsa."

Ta ce, "Malam, ai ɗan'uwanka ne. In ya samu, gida ya samu."

"Ke dai kawo min ruwa."

Ana nan aka ce za a zo ƙauye a yi wa kowa sabuwar rajista, maza da mata, wanda bai yi ba ko takin gwamnati ba zai gani ba. Dabo aka ba Unguwar Ɗinya. Ya sami Muntaka a ƙofar masallaci ya ce, "Ubangidana, ga saƙo. Ka san ni ba na shiga gidajen mutane, saƙon mata kuma tun da can ta gidanka yake bi. Ka faɗa wa Maimunat ta zaga ta gaya musu, kada wadda ta sa lalle. Na'urar nan in ta ga lalle a yatsa, ba ta karantawa."

Muntaka ya ce, "An gama."

Ya taho gida, shaiɗan na tafe da shi. Yana hango ƙauye kaf a taru, na'ura ta ƙi, Dabo ya ji kunya, a ce ai da ma aikin Akawu ne. Ya shiga ya ce, "Maimunat, ki gaya wa mata ranar Laraba za a ɗauke ku hoto." Zancen lalle ko, bai ambata ba. A ransa wai bai yi ƙarya ba.

To mace ta ji hoto, hoton da zai zauna a wurin gwamnati har abada, me kake tsammani? Gari ya ɗauka kamar biki. Aina'u mai ƙunshi ba ta huta ba, gida-gida ake kiranta. Tsofaffi ma da suka manta rabonsu da ado suka kwaɓa lalle suka ɗaure hannu a leda. Maimunat kanta ta zo tana nuna masa nata, ya yi ja har ya koma baƙi. Ya ce, "Ya kama," ya kau da kai.

Ranar Laraba Dabo ya kafa kayansa a gindin mangwaron firamare. Maza suka yi, ba matsala. Sai mata suka fito cikin mayafai, ana ƙamshin turare. Ta farko Inna Sauda ce, tsohuwar da ba a iya wa bakinta. Ta ɗora yatsa a ɗan gilashin, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Aka kira ta biyu, aka kira ta uku, duk haka.

Inna Sauda ta ce, "Kai Dabo, wannan abin naka ko kunyar mata yake ji?"

Aka kwashe da dariya. Muntaka na tsaye daga gefe, hannu a baya, wani sanyin daɗi na ratsa shi. Yana jira kawai a waiwayo a ce, Akawu, yaya za a yi?

Mai unguwa ya ce, "Malam Dabo, me ya faru?"

Dabo ya dubi hannayen matan, ya ɗago ya dubi Muntaka. Kallo ɗaya. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, lalle ne. Laifina ne, ban isar da saƙo yadda ya kamata ba."

Wallahi da Dabo ya tona shi, da ya fi wa Muntaka sauƙi. Ba wanda ya waiwayo. Mata sai tausayin Dabo ya kama su. "Allah sarki, mu muka ɓata masa aiki." Dabo ya buga waya ofis, aka ce ya zauna a ƙauyen har lallen ya saki. Nan take aka bazama neman lemon tsami da toka, ana dirzar yatsu a bakin rijiya, ana tsokanar Aina'u cewa ta cika iya aiki.

Sai mai unguwa ya ce, "Ba ma bar bawan Allah a rana kwana da kwanaki ba. Akawu, zaurenka ya fi kowanne faɗi, mata kuma sun saba da gidan. A kai kayan can."

Me zai ce? Ya ce, "Bismillah."

Maimunat ta tare shi a tsakar gida, tana goga lemo a yatsa. Ta ce, "Malam, kai da kake ofishin, ba ka taɓa jin zancen lallen nan ba?" Ya yi kamar yana neman buta. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Allah ya shirye mu. Hassada dai ga mai rabo taki ce." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Zaure ya cika fiye da yadda ya taɓa cika. Duk wadda yatsanta ya ɗan washe ta zo ta gwada, in na'ura ta karɓa a yi guɗa. Kwanuka na shigowa, fura, dambu, ɗanwake, kowanne sai an ce, "Na Malam Dabo ne." Ana sa masa albarka, ana yi wa uwarsa addu'a.

Hoton kuma sai da farin ƙyalle a bayan mutum, bangon ƙasa ya ƙi riƙe ƙusa. Dabo ya ce, "Ubangidana, kai ne dogo a nan. Taimaki bawanka."

Muntaka ya kama ƙyalle ya ɗaga, ya ɓace a bayansa, sai 'yan yatsunsa a sama. Yana jin muryoyin mutanen da ya yi wa aiki tun suna goye, ba mai ambatonsa. Sai Inna Sauda da ta zo zama ta ce, "Wane ne wannan mai riƙon? Ɗaga da kyau mana, kana karkata min hoto!" Ya ɗaga.

Shi aka yi wa a ƙarshe. Ya zauna a gaban taubashinsa, yatsunsa na'ura ta karɓa tashi ɗaya. Dabo ya leƙo ta bayan kwamfuta ya ce, "Saki fuska mana, Akawu. Gwamnati ce za ta gani."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, fuskar ta ƙi sakuwa. Haka katin ya fito. Yanzu ya yi ritaya yana noman 'yar gonarsa, kuma duk shekara in ya je karɓar taki sai ya miƙa katin nan a kife.