Fis Ɗin da Kawu Ya Kasa Ɗaurewa

Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar fis, abin nan da ke tsinkewa ya yanke wutar lantarki idan ta yi yawa. A wurinsa fis ragon ma'aikaci ne, aiki na yin zafi sai ya kwanta. Saboda haka kullum akwai 'yar jar waya a naɗe cikin aljihunsa. Fis na tsinkewa zai zaro ta ya ɗaure wurin, ya ce ya yi maganin iskanci. Da wannan magani ya ƙona injin ban ruwa biyu.

Da ya haɗa na uku, mai aiki da sola, sai ya zo shagona na gyaran lantarki a Haɗejiya, wai in yi masa akwatin da zai riƙa kunna injin ya kashe da kansa. Ya ce, "Kai ɗan nan, idan wannan ma ya ƙone, ni da noman rani sai a lahira." Na san ba wasa yake ba, don shanunsa ya sayar ya haɗa shi.

A irin wannan akwati, rile ne makunnin injin, mai ba rilen umarni kuwa wata 'yar baƙar aba ce mai ƙafafu kamar kyankyaso, mu masu gyara muna ce mata aisi. Akwai gama-gari, wadda idan wayoyi suka haɗu sai ta soye, wani lokaci ta bar injin a kunne yana ta zuƙar iska har ya mutu. Akwai kuma mai kariya a cikinta, wadda da ta ji zafi ko haɗuwar waya take yanke wuta. Ita na zaɓa, ba don ɓera ko ruwa ba. Don Kawu na zaɓe ta. Fis na waje yana da wurin ɗauri, wannan kuwa sai dai ya ɗaure iska!

Shinkafa ta fara fitar da kai ke nan sai ga kiransa, yana faɗa kamar zai fasa mini waya. Wai akwatina ya yi yajin aiki.

Na hau babur, na ƙarasa a kwalekwale. Na same shi zaune a kan kunya, akwatin a buɗe, jar wayarsa a hannu, gumi sharkaf.

"Ina ka ɓoye fis ɗin?"

"Yana ciki, Kawu." Na nuna masa aisin.

"A wannan 'yar mitsitsiyar? Kai, Allah ya shirye ka!"

Na bi wayar da ta tafi rile. Ɓera ya ci bayanta, jijiyoyinta biyu sun manne, shi ya sa aisin ta yanke wuta. Na nuna masa, na raba su, na naɗe. Rile ya yi ƙas, ruwa ya taho ɓul-ɓul cikin fangali.

Kawu ya dubi injinsa, ga shi yana aiki lafiya lau. Can ya ce, "Wato saboda ni ka sa abin nan."

"Saboda kai, Kawu."

Na ɗauka zagi zan sha. Sai ya miƙo mini jar wayar nan da na sani a aljihunsa tun ina yawo ba wando.

"Ungo, ɗaure murfin akwatin da ita, kada ɓeran ya koma."