Mamuda, wutar ta mutu, kai ma ba ka fito ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mamuda mai gyaran inji ya rasu ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, bayan azahar, a ɗakin injin niƙan Alhaji Sada da ke nan Dayi. Ni Shafa'atu, matar marigayi Malam Mati, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan su Mamuda. Ban iya daɗin baki ba, abin da na sani zan faɗa.

Mamuda, tun da Malam ya rasu kake zuwa duba mani wayar wuta, ban taɓa aika maka ba. Da jikata Najiba ta fara sayar da ƙanƙara a ɗan ɗakin zaure, kai ka haɗa mata firiza da janareto. Kai ka kawo jar tukunyar nan ta kashe gobara, mai baƙin tambari da baki kamar kakaki, ka rataye. Na ce ba na son ta, ta yi kama da abin da zai fashe. Ka yi dariya ka ce, "Gwaggo, ke da kika yi shekara hamsin gaban murhu?"

Ka fitar da mu tsakar gida ka nuna mana. A kashe wutar lantarki tukuna in da hali. A zare ƙusar da ke wuyan tukunyar, a auna gindin wutar, ba harshenta ba. Ka ce ta wutar waya ce da ta fetur, kada a watsa wa waɗannan ruwa. In kara ne ko auduga, watsa su za ta yi, garwashin ya koma ci a ciki. Ka nuna mani tafin hannunka inda fata ta saɓule tun kana yaron shago, ranar da ka riƙe kakakin irinta tana feshi, sanyinsa ya ƙone ka. Na ce sanyi yana ƙuna? Ka ce, "Ki taɓa ki ba ni labari."

Abin da ka fi nanatawa shi ne ƙofa. Ka ce iskar da ke cikin tukunyar tana shaƙe wuta, kuma yadda take shaƙe wuta haka take shaƙe mutum. Ba ta da wari. Ƙofa ta kasance a bayanka, a buɗe, kana gamawa ka fita.

To ranar Talata wayar injin Alhaji ta kama. Ka shiga da tukunya biyu. Masu ɗauko ruwa suka iso daga baya, ba su ga shigarka ba. Suka ga hayaƙi, ga iska na kaɗawa, ga tarin karan dawa jikin bango. Suka yi abin da muka gada: in rumbu ya kama, toshe shi ake yi kada iska ta hura shi. Suka ja ƙyauren ƙarfe suka tokare da turmi. Ɗakin ba taga. Ga ihu, ga bugun bokitai, wa zai ji bugun mutum daga ciki?

Da aka buɗe, wutar ta mutu murus. Kana jingine da ƙyauren. Masu wanka sun ce ko gashin hannunka bai babbake ba.

Ba zan kira sunan waɗanda suka rufe ba. Gari suke ceto, kuma tun ranar ɗayansu bai iya cin tuwo ba. Amma ni tsoro nake ji. Kai kaɗai ka san abin nan a unguwa. Ka gaya mana ni da Najiba, ba ka kai ga gaya wa masu ja ƙyaure ba. Ɗakin Najiba ya fi na Alhaji ƙanƙanta, shi ma ba taga, ƙyaurensa ƙarfe. In janareto ya yi tari sai in fito in leƙa zauren. Ita za ta shiga da tukunyar, na santa. Kuma maƙwabtan da za su rugo taimako su ne dai na ranar Talata.

Jiya na kira magini ya fasa bangon ɗakin Najiba ya yi taga. Ƙyauren kuwa na sa an cire shi, an rataya asabari. Najiba ta ce ɓarayi fa, Gwaggo? Na ce su kwashi firizar. Tukunyar tana nan inda ka rataye ta, kuma duk wanda ya zo sayen ƙanƙara sai ya tsaya ya ji zancen ƙofa kafin ya tafi.

Allah Ya jiƙanka, Mamuda, Ya yalwata maka kabari, Ya sa aljanna makoma. Bilki matar Mamuda, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya 'ya'yanku Sadiq da Kausar. Allah Ya tsare mu da wuta, ta nan da ta can. Amin.