Hancin Tsoho Ayyad

Kaf ƙauyukan bayan garin Bi'ir Saba'a an san Ayyad da hanci. Shi da bakinsa yake cewa Allah bai ba shi raƙuma ba, sai ya tara masa rabonsa a tsakiyar fuska. Kullum da safe jikokinsa kan zo rumfa, kowa ya goga hancinsa a na Kaka, sannan a ba shi shayi.

Da maruru ya fara bin yaran, Ayyad ya naɗa kansa alƙali. Awaki ya fara tuhuma, ya kore su bayan tudu. Sai maƙwabciya, wai bakinta ne. Sai surukarsa, wai ba ta iya yi wa yara wanka ba. Maganin asibiti kuwa kamar ana shan ruwa, a matse nan ya tsiro can.

Na Wadha, autar jikokin, a cinya ya fito, ya ci ciki har ta kasa takawa. Aka kwantar da ita a asibiti, likitoci na fargabar kada ya kai ƙashi. Ma'aikaciyar jinya ta zo da tsinken auduga, ta bi hancin kowa a gidan.

"'Yata, riƙe shi da kyau," in ji Ayyad, "in ya faɗa ciki ba mai ciro miki."

Da ta dawo da sakamako ta rage murya. "Baba, a hancinka ƙwayar cutar take zaune. Kai ba ta taɓa ka ba, amma irin wadda ba ta jin maganin da aka saba ce."

"To madalla! Na kori awaki, ashe ɓarawon a fuskata yake, har masallaci nake kai shi."

Aka ba shi man shafawa da sabulu, aka ce babu gaisuwar hanci sai an sake gwaji. A rumfar maza ya riga kowa yi wa kansa dariya, amma abinci ya daina shiga.

Ranar da aka sallami Wadha, da ɗingishi ta nufo shi, ta ɗaga masa fuska don gaisuwar hanci. Ayyad ya ja gefen rawani ya rufe hanci.

"Kaka, fushi kake da ni?"

Ayyad ya ƙara danne rawanin a kan hancinsa. Ita kuwa tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, tana jira.