Mahbuba da Kwamfutocin da Aka Ce Sun Mutu

Mahbuba Yaro ta fara sana'a da tafireta a wani ɗan shago kusa da ƙofar kasuwar Illela, tana buga wa 'yan albasa da dillalan shanu wasiƙu da takardun kaya. Da zamani ya juya, ta sayi tsohuwar kwamfuta daga Konni. Da Faransanci injin yake magana, haruffansa ma ba su zauna inda yatsunta suka saba ba. Ta daure ta koya, har ta shekara huɗu tana aiki da shi.

Wata rana ya ƙi tashi. Ta kai wa Sufyanu mai gyara, shi kuwa bai tambaye ta komai ba ya goge shi tas, ya zuba sabuwar manhaja. Aikinta duka ya tafi, har da hotunan marigayi mahaifinta. Da ta yi magana, ko kallonta bai yi ba.

"Hajiya, wanga aiki ba buga takarda ba na. Ki bar ma masu shi."

Ta ɗauki injinta ta koma gida, ta rantse ba wanda zai sake taɓa mata shi. Ta aika aka sayo mata littafi daga Sakkwato, ta riƙa kallon darussa a waya. Sau uku tana lalata injin da hannunta tana tayar da shi. A haka ta gane cewa kwamfuta ƙarfe ce kawai idan babu babbar manhaja, wadda ke raba wa kowane aiki wurinsa, ta haɗa allon haruffa da fuska da firinta. Ta san ƙananan manhajojin hidima kuma: mai farautar bairos, mai share tarkace, mai ajiye kwafi. Ranar da ta gano akwai wadda ke dawo da abin da aka goge, kuma da ba ta cika injin da sabon aiki ba da wataƙila ta ceto hotunan, ta wuni ba ta ci abinci ba.

Bayan shekara biyu, 'yarta Shahida ta dawo daga makarantar 'yan mata da labari: kwamfutoci goman da ke ɗakin karatu za a sayar wa 'yan gwangwan. Mahbuba ta rufe shago ta tafi. Ta tarar an riga an jingine amalanke a bakin ɗakin, shugaban makarantar, Malam Halliru, yana tsaye da makulli. Ta wuce shi ta tsaya a ƙofa.

"Malam, wa ya ce sun mutu?"

"Injiniya munka kira daga birni. Ya kunna su, sunka ƙiya."

"Ya buɗe cikinsu?"

"Hajiya, mi kike so in yi? Ni ba aikina ba na."

"Ni aikina na. Ba su fita ɗakin ga sai na duba su. In kana so, kira wanda zai ɗauke ni tare da su."

Malam Halliru mutum ne mai gudun hayaniya, ga ɗalibai sun fara leƙowa ta tagogi. Ya ba ta zuwa ranar kasuwa, ya sallami mai amalanke.

Kwana biyar shagonta yana rufe. Ta kwance injinan ɗaya bayan ɗaya, a cikin guda har gidan zanzaro ta samu. Yawancinsu lafiyarsu lau, an dai ɗora musu babbar manhajar da ta fi ƙarfinsu ce, ga bairos ya yi musu katutu. Ta kwashe abin da ke cikinsu ta adana tukuna, sannan ta zuba musu wata mara nauyi, ta kyauta, daga filashinta, ɗan abin ajiyar manhaja da ake soka wa kwamfuta. Bakwai suka tashi. Uku sun mutu da gaske, ta cire kayan cikinsu ta ƙara wa masu rai.

Malam Halliru ya zo ya ga fuskoki bakwai suna haske. Ya yi godiya, ya ce zai kulle ɗakin kada yara su ɓata su.

"In ka kulle, gara ka sayar," in ji Mahbuba. "Su ɓata su gyara. Ni haka na koya."

Suka ja, ya ce sai dai ta ɗauki alhakin abin da ya lalace. Ta ce ta ɗauka. Ran Asabar ɗalibai ashirin da uku suka zo. Ta zaɓi injin da ya fi kowane lafiya, ta goge shi a gabansu har fuskarsa ta yi baƙi, ta ajiye musu filashin manhajar a kan tebur, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Sai da aka kira sallar la'asar suka tayar da shi, kuma ba ta sa musu hannu ba.